Enforcer, fistol da aka ciro daga M1 Carbine: za a iya dogara da ita?

Tambaya: Wani ɗan'uwa mazaunin Amurka, wanda dokar jiharsu ta ba shi damar mallakar bindiga, ya ce ya ga wata 'yar gajeriyar bindiga a shagon masu sayar da tsofaffin makamai. Jikinta na katako ne, gidan harsashinta yana gaban kunama, sunanta Enforcer. Mai shagon ya ce masa fistol ce, kuma daga M1 Carbine ta sojan Amurka aka ciro ta. Yana so ya san yadda take aiki, ko tana yawan cijewa, da kuma ko ta kai a ba da kuɗi a kanta.

Amsa: Malam, mai shagon bai yi maka ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maka zancen ba. Enforcer ba bindigar kamfani ɗaya ba ce. Kamfanoni daban-daban sun ƙera ta a lokuta daban-daban, kuma tsakanin ta wannan da ta wancan akwai rata mai yawa, har ta kai wata za ka harba hankalinka kwance, wata kuwa ban yarda ka kai fuskarka kusa da ita ba sai maƙerin bindiga ya duba ta. Don haka idan ka koma shagon, kafin ka tambayi farashi, juya ta ka karanta sunan da aka buga a kan ƙarfen gangar jikinta. Rabin amsarka yana nan.

Sai ka san uwar kafin ka gane 'yar. A 1940, da sojojin Jamus suka nuna wa duniya yaƙin tankoki da 'yan lema, hafsoshin Amurka suka gane cewa babu sauran wani wuri da za a ce bayan fage ne. Direba, mai dafa abinci, mai riƙe da rediyo, ɗan igwa, kowa ana iya auka masa. Waɗannan mutanen kuwa fistol M1911 ake ba su, mai cin harsashi 7, kuma kurtun da bai samu dogon horo ba da ƙyar yake samun mutum da ita a nisan mita 25. M1 Garand, babbar bindigar sojan ƙasa, ta haura kilo 4, ta yi wa mai ɗauke da wasu kaya nauyi. Sai aka nemi wata a tsakiya: mara nauyi, mai gindin da za a dafa a kafaɗa, wadda za ta kai yadi 300. Kamfanin Winchester ne ya ci gasar, aka amince da bindigarsa a watan Oktoba na 1941. Nauyinta wajen kilo 2.4, bututunta inci 18, magazin ɗinta (gidan harsashi) na farko mai cin 15. Kafin yaƙin ya ƙare a 1945 an ƙera fiye da miliyan 6, kuma yawancinsu ba masu ƙera bindiga ne suka yi ba. Inland, reshen kamfanin motoci na General Motors, shi ya fi kowa yawa. Akwai IBM, akwai Underwood masu keken rubutu, har da Rock-Ola masu injin kiɗa. Abin burgewa shi ne duk a kan ma'auni ɗaya suka yi aiki, kana iya cire sakatar ta IBM, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle bayansa, ka sa a ta Inland. Ka riƙe wannan, don zai dawo idan mun zo kan kamfanin Universal. Ita ce kuma bindigar da ke hannun Malcolm X a sanannen hotonsa na 1964, yana leƙe ta taga.

Yadda take aiki shi ne ya sa aka iya gajarta ta ba tare da ta lalace ba. Kowane jan kunama harsashi ɗaya ne ke fita, amma ita take zubar da kwanso ta ɗora wani da kanta. A ƙarƙashin bututun, kusa da inda harsashi ke zama, inci huɗu da 'yan kai daga bayan bututun, akwai wata 'yar huda. Da harsashi ya wuce ta, sai hayaƙin albarushi mai tsananin matsi ya shiga hudar ya bugi wani ɗan ƙaramin fistin. Fistin ɗin ba ya tafiya mai nisa, milimita uku da rabi ne kawai ko kusa da haka, amma bugun da yake kai wa sandar ɗanawa ya isa ya cilla ta baya da ƙarfinta. Sandar tana komawa baya sai ta murɗa sakata ta buɗe, ta ja ta, ƙugiya ta zaro kwanson ta yar, sannan sifirin ya mayar da komai gaba, sakatar ta kwaso sabon harsashi ta murɗa ta kulle da haƙoranta biyu. Wannan dabarar ɗan gajeren fistin ta David Marshall Williams ce, mutumin da ya fara zane-zanen bindiga yana gidan yari a jihar Karolina ta Arewa.

To, tunda hudar tana can baya kusa da harsashi, duk abin da bindigar ke buƙata don ta juya kanta ya riga ya faru tun harsashin bai kai rabin bututu ba. Idan bututun ya zama inci 10 ko 12 maimakon 18, har yanzu akwai isasshen tsawo a gaban hudar da zai riƙe matsin hayaƙi har fistin ya gama aikinsa. Ba haka abin yake ba a dangin bindigar zamani ta AR-15, inda hudar take can gaba, kuma duk wanda ya gajarta bututu dole ya sake lissafin wurin huda da girmanta. Wannan ya sa nake gaya wa mutane cewa idan Enforcer tana cijewa, kada a ɗora wa gajartar bututunta laifi. A nemi laifin a wani wuri.

Me ya sa ma aka yi ta? Doka ce ta haife ta, ba buƙatar soja ba. Dokar makamai ta tarayyar Amurka ta 1934 ta sa rajista da harajin dala 200 a kan duk doguwar bindigar da aka gajarta, kuɗin da a wancan zamanin ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Iyakar da ke aiki tun 1960 ita ce bututun inci 16. Amma bindigar da aka ƙera tun asali ba ta da gindin kafaɗa, a idon doka fistol ce. A farkon shekarun 1960 kasuwa ta cika da kayan gyaran M1 Carbine da soja suka yi gwanjonsu, harsashinta kuma arha, sai 'yan kasuwa suka ga hanya: sabuwar gangar jiki, gajeren bututu, katakon da ya ƙare a mariƙin hannu. A Biyetnam ma wasu sojojin Amurka masu ba da shawara ga sojan Kudu sun riƙa yanke nasu don shiga mota da kurmi, kuma hotunansu sun taimaka wa kasuwar. Abin da ya shafe ka a nan shi ne, ranar da ka ɗaura wa Enforcer gindin kafaɗa ba tare da rajista a ATF, hukumar tarayya mai kula da makamai, ba, ka aikata babban laifi na tarayya. Haka wanda ya ɗauki M1 Carbine ta soja ya yanke ta. Wasu jihohin kuma suna da nasu ƙarin hani, a kan magazin mai cin fiye da 10 ko a kan fistol mai magazin a wajen mariƙi, don haka ka tambayi dokar jiharku. Masu karatu a Najeriya kuwa, dokar makamai ta 1959 ta sa duk wata fistol a jerin haramtattun makamai waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa, saboda haka a wurinsu wannan bayani ne na sani kawai.

Yanzu ga masu ƙera ta. Wanda ya fi yaɗa sunan Enforcer shi ne Universal Firearms na garin Hialeah a jihar Fulorida. Bindigoginsu na farko kusan duka kayan soja ne aka harhaɗa a kan sabuwar gangar jiki, kuma waɗannan ba su da wata matsala ta musamman. Idan wani abu ya karye, na soja zai shiga. Da kayan gwanjo suka fara ƙarewa, wajen 1967 zuwa 1968, sai kamfanin ya sake fasalin bindigar don rage kuɗin ƙira. Suka sa sifirin biyu a maimakon ɗaya, suka yi gidan kunama da alminiyam, suka kuma canza sandar ɗanawa. Ta soja dunƙulallen ƙarfe ce da ta rufe haƙorin sakata ruf. Ta sabon fasalin Universal an huda ta, kana iya hango haƙorin sakatar ta cikin ramin. Wannan ramin shi ne inda duk bugun ke sauka, ƙarfen da ke kewaye da shi siriri ne, kuma a nan take tsagewa. Idan ta tsage, ta soja ba za ta shiga ba, kamfanin kuma ya daɗe da mutuwa. Za ka yi ta neman tsohuwa a hannun masu kayan gyara, wadda ita ma wataƙila ta kusa tsagewa, ko ka kai a yi mata walda, abin da ni ban yarda da shi ba a wurin da yake shan irin wannan duka.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A ƙirar soja an yi tanadi don kada bindiga ta tashi sai sakata ta gama murɗawa ta kulle: allurar da ke sarar gindin harsashi tana da ɗan kunne a bayanta, wanda ƙarfen gangar jiki ke tarewa har sai sakatar ta zauna daidai. A sabon fasalin Universal an taɓa wannan tsarin, kariyar ta ragu, kuma an daɗe ana kawo rahoton waɗanda suka tashi sakata ba ta gama kullewa ba. Harsashin nan yana haifar da matsi na wajen fam 40,000 a kowane inci murabba'i. Idan sakata ba ta kulle ba, kwanson ne zai fashe, tarkacen tagulla da wuta su fito ta sama, daidai inda idon mai harbi yake. Ba kowace Universal ce ke haka ba, dubban mutane sun yi shekaru suna harba nasu lafiya lau. Amma ni ba zan sayi mai sifirin biyu don tsaron gida ba, ko da an kusa ba ni ita kyauta.

Na biyu shi ne Plainfield Machine na jihar Niyu Jazi, wanda Iver Johnson ya saye a shekarun 1970 ya ci gaba da ƙera bindigoginsa da sunansa. Waɗannan sun tsaya a kan ma'aunin soja. Gangar jikinsu ƙarfen zubi ce, ba wadda aka sassaƙa daga dunƙulen ƙarfe ba irin ta zamanin yaƙi, kuma gogewarsu ba ta kai ta soja kyau ba, amma yawancin kayan gyaran soja suna shiga, wanda shi ne babban abu ga bindigar da ta haura shekara arba'in. Sun yi har da ta ƙarfen da ba ya tsatsa. A farkon shekarun 1980 Iver Johnson ya sayi Universal ɗin ma, ya koma Jacksonville a jihar Akansas, kuma ingancin aikinsa na shekarun ƙarshe hawa da sauka yake yi, don haka sunan kaɗai bai isa ba, sai an duba ita kanta bindigar. Na uku sabo ne: wani kamfani a Dayton ta jihar Ohayo da ya farfaɗo da sunan Inland ya fitar da tasa mai suna Advisor, bututu inci 12. Ba Inland ɗin General Motors ba ne, suna ne kawai suka haɗa, amma aƙalla ƙarfenta sabo ne.

Idan ka samu mai ƙirar soja kuma tana cijewa, fara da magazin. Wannan shi ne raunin M1 Carbine tun ranar farko. An yi shi da siririn ƙarfe don a yi miliyoyi da arha, leɓɓansa na sama da ke riƙe harsashi suna lanƙwashewa da ɗan faɗuwa ƙasa, kuma da sun buɗe ko da kaɗan ne sai harsashi ya miƙe tsaye ko ya soki gefen bututu. Mai cin 15 na asali na soja shi ne mafi aminci. Mai cin 30, wanda kowa ke so don ya fi kyau a hoto, ya zo ne da M2, ƙanwar M1 mai ruwan wuta, a ƙarshen yaƙi. Ya fi nauyi, don haka aka yi masa maƙalli na musamman mai ƙarin tallafi a gefe. A kan tsohon maƙalli yana rinjaya ƙasa, sakata ta wuce ta saman harsashi ba ta kwaso shi ba. Na kasuwa marasa suna kuwa, yawancinsu asarar kuɗi ne. Bayan magazin sai sifirin da ya gaji, sai ƙugiyar zaro kwanso da ta cinye, sai notin da ke riƙe fistin idan ya kwance. Duk waɗannan ƙananan kaya ne masu arha, in dai ƙirar soja ce. Man girisi kaɗan a haƙoran sakata da hanyar da sandar ɗanawa ke bi, fistin kuwa a bar shi a bushe, don mai yana ƙonewa a wurin ya zama gawayi ya maƙale shi.

Harsashin ma yana da nasa hali. Sunansa .30 Carbine, a awon mita 7.62×33, kuma ba shi da wata alaƙa da 7.62×39 na AK-47, ba sa shiga bindigar juna. Kansa giram 7 ne da ɗan ɗori, mai zagayayyen baki, kuma a kan wannan siffar aka yi hanyar da yake bi zuwa cikin bututu. Masu buɗaɗɗen baki ko masu darma a waje, waɗanda ake sayarwa don farauta da tsaron kai, wasu bindigogin suna cin su, wasu suna tuntuɓe da su, sai ka gwada taka. Tun asali sojan Amurka sun yi wannan harsashin da makunnin da ba ya jawo tsatsa, domin ba a so kurtu ya riƙa kwance fistin don wankewa. Sai dai akwai tsofaffin harsasai na wasu ƙasashe masu gishirin da ke cin ƙarfe, har da wasu na Sin da aka buga wa tambarin LC 52 a gindi don su yi kama da na Amurka. Ka harba su ka ajiye bindiga ba ka wanke ba, kwana kaɗan fistin ya daskare da tsatsa. Masu sake cika kwanso a gida kuma su kula da tsawonsa, domin wannan harsashin da bakin kwanso yake tsayawa a cikin bututu. Kwanson da ya miƙe ya yi tsawo yana hana sakata gama kullewa, ka ga an koma kan haɗarin da na faɗa a baya.

Za ka ji masu cewa ai M1 Carbine ta ba da kunya a yaƙin Koriya. Gaskiya ne an yi ƙorafi sosai a ƙarshen 1950, musamman a yaƙin tafkin Chosin, inda sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili. Mai ya daskare, tsofaffin sifirin na zamanin yaƙin duniya suka kasa, kuma yawancin masu ƙorafin M2 suke riƙe da ita. Labarin cewa harsashinta ba ya huda rigar sanyin sojan Sin kuwa, ni ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Mutum yana ruwan wuta da dare da bindiga mara nauyi, hannu na rawa don sanyi, ya fi kusa a ce kuskure ya yi.

Duk wannan a kan ko za ta tashi ne. Ko za ka samu abin da ka saita kuwa, a nan ne ra'ayina game da Enforcer ya yi sanyi. Ka tuna dalilin da ya sa aka yi M1 Carbine: mutane ba sa iya samun abu da fistol, sai aka ba su gindin da za su dafa a kafaɗa. Wanda ya cire gindin ya mayar da hannun agogo baya. Kamar fartanya ce da aka zare wa ƙota, ruwan yana nan da kaifinsa, amma da me za ka kai sara? Nauyinta wajen kilo 2 ne, kusan ninki biyu na M1911, kuma nauyin duk yana gaban hannu saboda magazin da bututu. Da hannu ɗaya ba ta riƙuwa. Da hannu biyu, ɗaya a mariƙi ɗaya a katakon gaba, tana riƙuwa, amma hannun gaban yana dab da bakin bindiga, kuskure kaɗan yatsa ya wuce. Waɗanda aka bar musu saitin soja mai ɗan rami sun fi ba da wahala, domin an yi ramin ne don ido ya matso kusa da shi. Ka miƙe hannu, ramin ya zama ɗigo. Masu harba ta da kyau yawanci igiyar rataya suke sawa a wuya su tura bindigar gaba har igiyar ta ɗame, ta zama madadin kafaɗa. Da haka ana samun abu mai girman faranti a mita 50, wanda ya ƙware ya wuce nan. A kan tebur, an dafa ta a kan jakar yashi, za ta ba ka mamaki, don bututun ba shi da laifi. Matsalar riƙo ce.

Ƙarfi kuma yana raguwa. A bututu mai inci 18 harsashin yana fita da gudun wajen mita 600 a daƙiƙa, da ƙarfin da ya kai jul 1,300, fiye da ninki biyu na harsashin M1911. A gajeren bututu gudun yana saukowa zuwa mita 500 da wani abu. Har yanzu ya fi na yawancin fistol, kuma yana huda bangon katako da siririn allon bango irin na gidajen Amurka ya wuce ɗakin maƙwabci, abin da mai zama a gidan haya ya kamata ya yi tunani a kai. Albarushin da bai gama ƙonewa a ciki ba kuwa a waje yake ƙonewa. Wuta ce ƙwallo guda a bakin bindiga, da ƙara mai tsini da ke shiga har cikin haƙori. Masu harba libarbar Ruger Blackhawk mai cin wannan harsashin sun daɗe da sanin haka. A filin koyon harbi mai rufi, sa abin toshe kunne na ciki ka ɗora na waje a kai. A cikin ɗaki da dare ba tare da komai a kunne ba, harbi ɗaya ya isa ya taɓa maka ji, walƙiyar kuma ta ɗauke maka gani na ɗan lokaci. Tokarinta dai ba shi da yawa, nauyin bindigar yana shanye shi.

Idan tsaron gida kake nema, cikakkiyar M1 Carbine mai gindinta ta fi ta ta kowace fuska in ban da tsawo, fistol ta zamani mai cin 9mm kuma ta fi ta sauƙin ajiya da samun harsashi, don .30 Carbine ya daina arha tun da na gwanjo ya ƙare. Idan kuwa sha'awar tarihi ce da nishaɗin filin harbi, wannan dalili ne mai kyau, kuma Plainfield, ko Iver Johnson, ko Universal ta farko mai sifirin ɗaya za ta yi maka. A shagon, bayan an cire magazin an tabbatar ba komai a ciki, ja sandar ɗanawa ka duba ko kana hango haƙorin sakata ta cikin rami. Nemi a cire katakon a ƙirga sifirin, a haska fitila a kewayen gidan fistin da jikin sandar ko akwai tsaga ko alamar walda. Girgiza bututun da gangar jikin ka ji ko fistin yana motsi, in ya yi shiru ƙila ya daskare. Sannan ka sa sharaɗi cewa maƙerin bindiga zai auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi da ma'aunin da aka yi don haka, ya kuma gwada ko allura tana iya kaiwa gaba sakata ba ta kulle ba. Mai shagon da ya ƙi yarda da wannan sharaɗin, bar masa kayarsa.